Mai Ido Ɗaya Da Mai Kashe Ido

Daren Laraba na taso daga Gwarzo bayan isha'i, tun daga Rimin Gado har Janguza motoci masu ido ɗaya nake ta gamuwa da su. Ka hango haske guda yana tahowa, ka ɗauka ɗan acaɓa ne, ka bar masa 'yar hanyar da ta ishi babur. Sai ya matso ka ga ashe Sharon ce maƙare da fasinja, rabin jikinta a hannunka. In kuwa fitilar ɓangaren direba ce ta mutu, to ɓangaren da ba ka gani shi ne wanda zai goge ka.

Abin da ya fi ƙona min rai, wannan gyara bai kai a kira shi gyara ba. Ƙwan fitila ne ya ƙone, kuɗinsa bai kai na man da motar haya ke sha a yini ɗaya ba. Amma mutum zai shafe wata yana cewa sai ya samu lokaci ya je wajen ɗan rewaya, alhali aikin a ƙofar gida ake yin sa kafin shayi ya huce.

Ga yadda ake yi: kashe mota, zare makulli, bari fitilar ta huce, ka ɗaga bonet. A bayan fitilar za ka ga soket da murfin roba. Zare soket ɗin, cire robar, akwai 'yar waya ta ƙarfe da ta danne ƙwan. Danna ta ka kauda ita gefe, ƙwai ya fito. A motocin Amurka kamar Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Honda EOD ko wannan wahalar babu, murɗa shi hagu kawai za ka yi. Lambar ƙwan na rubuce a gindinsa. H4 mai ƙafa uku ne, shi ke ɗauke da dim da ful a ƙwai ɗaya, wat 60 da 55, shi za ka tarar a yawancin Hiace. H7 ƙafa biyu gare shi, wat 55. Su Corolla da EOD ɗin nan 9006 ne na dim, 9005 na ful. Sa tsohon a aljihu ka tafi Ƙofar Ruwa da shi, kada ka tsaya yi wa mai shago kwatance da baki.

Kada ka taɓa gilashin sabon da yatsa. Maiƙon hannu na zama a kansa, wurin ya fi ko'ina ɗaukar zafi, ƙwan ya mutu da wuri, ka koma kana zagin mai shago ya sayar maka da jabu. Riƙe shi ta gindi. Kunnuwan gindin nan kuma hanya ɗaya suke shiga. In ka ji kana tura shi da ƙarfi, a karkace ka sa. Ɗaya in ya mutu, ɗan'uwansa ma ya kusa, sai a canza su tare. Sabo ya ƙi kamawa, duba fis, duba soket ko ya narke. Wanda motarsa ta zo da fitilar zenon daga kamfani, shi kam ya kai wa masu sana'ar, domin wutar da ke tayar da ita ta haura bolt 20,000.

Ciwona ke nan, raina aikin hannu. Magidanci mai digiri biyu, famfon banɗaki ya yi ɗigo sai an kira wani, ƙafar kujera ta saki sai an kira wani, yaransa na kallo suna koyon cewa riƙe sukudireba aikin marasa galihu ne. Iyayenmu masu keke Raleigh da kansu suke facin taya. Mu mun sayi mota, ko inda ake ɗaga bonet sai mai gadi ya nuna mana.

To amma mai ido ɗaya da sauƙi a kan wani mutumin. Shi wannan ya iya canza ƙwai, shi ne ma matsalar. Ya je kasuwa an ce masa, "Alhaji, ga mai hasken rana," ya sayo farin LED mai fanka a gindi, ya cusa a fitilar da aka ƙera don halojin. Tun daga ranar duk wanda ya tunkare shi da dare ya shiga uku. Ka kifta masa ya rage, ya kifta maka ya nuna ai a dim yake, wato ka gode wa Allah.

Madubin da ke cikin fitila an lanƙwasa shi ne daidai da wurin da siririn zaren halojin ke zama, don ya tattara haske ya kwantar da shi a kan kwalta, ya yanke shi ƙasa da idon mai tahowa. Ka sa abin da haskensa ke fitowa daga wani wuri daban, madubin ya watsa shi sama da gefe, kan bishiyoyi da fuskokin mutane. Shi kansa mai motar cutar kansa yake: gabansa ya yi fari tas, idonsa ya tsuke, abin da ke can nesa ya ɓace masa. In hazon hunturu ya sauka, hasken da ya watsu sama ya dawo masa a fuska. Wani kuma H4 mai wat 100 da 90 yake sawa a wayar da aka yi don 60 da 55, soket ya narke, ya ce motar ce ba ta da kyau.

Na san za a ce hanyoyinmu ba fitilu, ga ramuka, ga tirela ta lalace a tsakar titi an jera mata ganye, kuma gaskiya ne. Sai dai mutumin da ka kashe wa ido yana tafe da gudu, kai yake fuskanta, kuma na ɗan lokaci ba ya ganin komai, har da kai. Wannan ba gayu ba ne, cutarwa ce da gangan, kuma wanda aka gaya wa ya ƙi cirewa ya san haƙƙin da yake ɗauka. Mai son haske ya fara da goge gilashin fitilarsa da ya dafe ya koma ruwan ɗorawa, rabin haskensa a nan yake maƙalewa.

Sannan ko ƙwan da ya dace ka sa, aiki bai ƙare ba sai ka saita. Da magariba ka tsayar da motar a wuri shimfiɗaɗɗe, mita 10 daga bango, ka kunna dim. Bakin hasken na sama ya sauka ƙasa da tsayin fitilar da kusan santimita 10. In ya haura, akwai sukurori a bayan fitilar, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Motocin Beljiyam kuma da yawa suna da ɗan abin murzawa kusa da makunnin fitila, mai lamba 0 zuwa 3, don in an danne bayan mota da kaya hancinta ya ɗaga, a sunkuyar da hasken. Direbobin Golf masu lodin buhunan masara a but, da ku nake: abin murzawar nan ba na ƙara hasken dashbod ba ne, na kusa da shi ne na dashbod.