Doka Ta Kare Oka, Yunwa Na Cinye Ta

A gaɓar tekun Fasifik, inda jihar Washinton ta Amurka ta yi iyaka da Kanada, akwai wani dangi na ƙatuwar dabbar ruwan nan da ake kira oka. Siffarta ta kifi ce, amma haihuwa take yi bayan goyon ciki na kimanin wata 17, ta kuma shayar da nono.

A 1995 yawan wannan dangi ya kai 98. A 2005 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Da aka ƙidaya a 2024, saura 73.

Babban dalili shi ne yunwa. Abincinsu kifin samon ne, wanda ke hawa koguna ya yi ƙwai, ga shi madatsun ruwa, musamman guda huɗu na kogin Sinek, sun wahalar da wannan tafiya. Ƙarar jiragen ruwa kuma tana hana su farauta, domin da sauti suke gano kifi. Duniya ta tausaya a 2018 sa'ad da wata uwa ta yi kwana 17 tana tura gawar jaririnta a kan ruwa, amma tausayi bai ƙara kifi ba.

A 2023 gwamnatin tarayyar Amurka ta ƙulla yarjejeniya da ƙabilun yankin don farfaɗo da samon, sai ta janye a 2025. A ganinmu wannan kuskure ne. Masu kare madatsun suna da hujjarsu, wato lantarki da jigilar alkama, sai dai ana iya nema wa waɗannan wata hanya. Ya kamata gwamnatin ta koma kan alkawarinta.