Wanda ya ceci Silent Hill ba ɓarawo ba ne

A duk inda masoya tsofaffin wasannin bidiyo suka haɗu, akwai hukuncin da aka riga aka yanke ba a ji ta bakin wanda ake tuhuma ba: mai sayen faifai na asali ya jera a kanta shi ne ɗan halak, mai kunna wasan a kwamfuta ta manhajar kwaikwayo kuwa ɓarawo ne da ya haura katanga. Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma Silent Hill ne shaidata.

Kamfanin Konami na Japan ne ya fitar da shi a 1999 a kan PlayStation ta farko. Harry Mason ya yi hatsarin mota, ya farfaɗo bai ga 'yarsa Cheryl ba, ya kutsa garin da hazo ya rufe yana nemanta. Hazon nan dole ce ta kawo shi: na'urar ba ta da ƙarfin zana abin da ke nesa, sai jagoran aikin, Keiichiro Toyama, da mutanensa suka lulluɓe garin, gazawar na'ura ta zama tushen tsoro. Ba ka ganin abin da ke tafe. Sai dai ɗan rediyon da Harry ke ɗauke da shi ya fara shuuu, ka san wani abu ya matso. A wani gidan gem na unguwarmu na fara ganinsa, ranar da masu buga ƙwallo suka yi ƙaranci, kuma faifan da mai shagon ya saka na kwafi ne daga kasuwa. Kowa ya sani. Na asali bai taɓa zuwa layinmu ba, ba a ma buga shi don ya zo ba.

To yau, yaron da ke son taka wannan gari, ina zai dosa? Sony ta daina ƙera na'urar tun 2006. Idanun karanta faifai na mutuwa, faifan kansa na karcewa. An dai saka wasan a shagon intanet na PlayStation 3, shagon da Sony ta yi shelar rufewa a 2021, sai da jama'a suka yi mata caa ta janye.

Mu duba yadda mai haƙƙin ya riƙe amanar kayansa. A 2012 Konami ta sake fitar da kashi na biyu da na uku a Silent Hill HD Collection, na farko ko ƙeyarsa. Ainihin lambobin ginin wasannin na ƙarshe ba su hannun kamfanin, sai aka ba masu gyara waɗanda ba a kammala ba. Hazo ya yi shara-shara, gefen duniyar da aka ɓoye da gangan ya fito fili. Masoya ne suka zauna shekaru, ba ko sisi, suna gyara bugun kwamfuta na Silent Hill 2 har ya dawo hayyacinsa. Sai kuma P.T., ɗan ɗanɗanon wani sabon Silent Hill da Hideo Kojima da Guillermo del Toro suka fitar a 2014, wanda Konami ta cire daga shago a 2015, har wanda ya taɓa sauke shi ba zai iya sake saukewa ba. Wannan ba a Konami kaɗai ya tsaya ba: binciken Video Game History Foundation na 2023 ya gano kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin.

Ba na gaba da masu tara faifai. Ni ma ina son kwalin da ɗan littafin da ke ciki. Amma su daina yi mana wa'azi. Kuɗin da suke zubawa a kan faifan hannu, aljihun wani ɗan kasuwa yake shiga, ko kwabo ba ya isa ga Toyama ko Konami. Ta wajen biyan mai aiki, da su da mai manhajar kwaikwayo duk kanwar ja ce. Kuma tun da aka sayar da Super Mario 64 da ba a ɓare ba a kan dala miliyan 1.56 a 2021, da yawa sun koma rufe wasa cikin akwatin roba suna jiran farashi ya hau. Faifan da ba za a taɓa kunnawa ba, wa ya adana wa?

Na yarda da abu ɗaya. Wasan da ke kasuwa, a saya. Sabon Silent Hill 2 da Bloober Team na Poland suka yi a 2024 yana nan, mai so ya biya. Da aka saka Resident Evil na farko zuwa na uku a shagon GOG a shekarar, abin da ya dace ke nan, kuma shi muke roƙon Konami ta yi wa na 1999. Ita manhajar kwaikwayo kuwa, tun 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix, mai irin wannan manhaja, gaskiya a ƙarar da Sony ta kai ta.

Makon jiya na kunna wasan a manhajar kwaikwayo ta DuckStation, na bar hoton da dishi-dishinsa yadda yake. Ɗan ƙanwata, wanda aka haifa shekaru bayan an daina ƙera na'urar, yana zaune gefena. Muna shiga makarantar Midwich rediyon ya fara shuuu, ya damƙe hannuna ya ce, "Kawu, kada ka buɗe ƙofar nan."