Rajistar Inshorar Lafiya: Asibitin da Kuka Rubuta a Fom Shi ne Likitan Gidanku

Tun watan Mayun 2022, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, shiga tsarin inshorar lafiya ya zama wajibi a kan duk mazaunin Najeriya. A Sakkwato, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, SOCHEMA, ita ke riƙe da ɓangaren jiha. Idan kuna zaune a Arkilla, mai yiwuwa an riga an miƙo muku fom a wurin aiki, ko kun ji ana shelar rajista a unguwa.

A cikin fom ɗin akwai wani gurbi da mutane da yawa ke cikewa a gurguje, ko su bar wa ma'aikacin rajista ya cike musu: sunan asibitin da za ku riƙa zuwa. Wannan gurbin ya fi sauran nauyi, domin da shi kuke zaɓar likitan gidanku.

Me ake nufi da likitan iyali?

A Ingila, mutum yakan yi rajista da likitan unguwarsa tun yana lafiya lau. Shi ke riƙe da tarihin lafiyarsa, shi ke tura shi wurin ƙwararre in buƙata ta taso. Mu a nan akasin haka muka saba. Zazzaɓi ya zo, a je kemis. Bai sauka ba, a yanki kati a wannan asibiti. Wata uku gaba, a yanki wani katin a wani asibitin. Sai ku tarar da mai hawan jini yana da kati huɗu a aljihu, amma babu likita ko ɗaya da ya san awon jininsa na bara.

Illar ba ƙarama ba ce. Ana maimaita gwajin da aka riga aka biya kuɗinsa. Ana rubuta magungunan da ba sa jituwa, don likitan yau bai san abin da na jiya ya bayar ba. Ciwon suga da hawan jini, masu cin jiki a ɓoye, sukan kai ga taɓa ƙoda ko shanyewar ɓarin jiki kafin wani ya lura.

Tsarin inshora shi ne abu mafi kusa da waccan rajistar da muke da shi. Asibitin da kuka zaɓa shi ne ƙofar farko, can fayil ɗinku zai zauna, daga can kuma za a tura ku gaba.

Yadda kuɗin ke tafiya

A tsarin tarayya, ana biyan asibitin da kuka zaɓa wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mutum, ko kun je ko ba ku je ba. Shekaru da dama kuɗin yana naira 750, duk da tashin farashin magani, har masu katin inshora suka saba jin "babu maganin, ku saya a waje". Daga Afrilun 2025 ya koma naira 1,450. Ke nan gida mai mutum shida yana kai wa asibiti naira 8,700 duk wata.

Abu biyu za ku ɗauka daga nan. Na farko, ba alfarma ake muku ba idan kun je da katinku. An riga an biya. Na biyu, asibitin da ya san aikinsa ya fi son ya gan ku da wuri, domin auna hawan jini da ba da ƙwaya ya fi masa arha a kan kwantar da ku. Amma tsarin yana da rauninsa: asibitin da ba ya tsoron Allah yana iya karɓar kuɗin wata, ya riƙa ƙyashin ba da magani. Shi ya sa zaɓi da sa ido suke wuyanku.

Wane asibiti ya dace da mutumin Arkilla?

Da yawa za su ce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tunda yana cikin gari kuma can ƙwararru suke. Yana da sashen likitocin iyali, kuma ga mai ciwon da ke buƙatar ƙwararre a kai a kai, kamar sikila ko ciwon ƙoda, zaɓi ne mai ma'ana. Sai dai ku tuna asibitin yana karɓar marasa lafiya daga Kebbi da Zamfara har da Jamhuriyar Nijar. Ga zazzaɓin yaro, awon ciki, rigakafi da karɓar maganin wata-wata, cibiyar lafiya ta matakin farko da ke mazaɓarku, ko ƙaramin asibitin da hukuma ta amince da shi, zai iya rage muku dogon layi da kuɗin abin hawa.

Kafin ku rubuta suna, ku taka ku je da kanku, ku tambaya:

Akwai likita kullum, ko sai wasu ranaku?
Ana aiki da dare da ranakun hutu?
Akwai ɗakin gwaji da ɗakin magani a ciki?
Idan ciwo ya fi ƙarfinsu, ina suke turawa, kuma wa ke nemo lambar izini?
Akwai ma'aikaciya mace da za ta duba matan gida?

Game da lambar izini, hukumar NHIA ta umarci kamfanonin da ke tsakaninta da asibitoci su bayar da ita cikin awa ɗaya. Idan aka bar ku kuna jira wuni guda, kuna da damar kai ƙorafi. Haka nan a tsarin tarayya ana iya sauya asibiti bayan wata shida, don haka zaɓin ba auren dole ba ne.

Wa rajistar ta ƙunsa?

Nan ne magidanta da yawa ke shan mamaki. Tsarin ma'aikatan tarayya ya ƙunshi ma'aikaci, da mata ɗaya ko miji, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu, ko mai riƙon iyaye da marayu, sai ya yi wa sauran ƙarin rajista da kuɗi. Ku daidaita wannan tun yanzu, kada a gano sunan amarya ba ya ciki ranar da naƙuda ta kama ta. Ku kuma sani cewa a wannan tsarin kuna biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani.

Ga marasa ƙarfi akwai asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa. An tanade shi domin irin masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi da masu buƙata ta musamman, kuma ta cibiyoyin mazaɓu yake aiki. Gurbi yana da iyaka, don haka ku tambaya a cibiyarku ko ofishin SOCHEMA.

Ranar farko

Kada ku jira sai ciwo ya zo. Katin inshora ba ya fara aiki ranar da aka cike fom, akwai kwanakin jira. Da zarar ya fara, ku je ku buɗe fayil kuna lafiya. Ku riƙe lambar NIN ta kowa, tsofaffin katunan asibiti, sakamakon gwaje-gwaje, katin rigakafin yara, da duk maganin da kuke sha a cikin kwalinsa, har da na gargajiya. Ku faɗi maganin da ya taɓa sa muku ƙaiƙayi ko kumburi, da cututtukan da ke bin danginku. Ku nemi a auna hawan jini da nauyi, a duba suga idan likita ya ga dacewa. Wannan awon na farko shi za a riƙa gwada na gaba da shi.

Doka ta wajabta rajista, gwamnati ta ƙara kuɗin da ake ba asibitoci. Abin da babu dokar da za ta yi muku shi ne tsayawa wuri ɗaya har likita ya san ku, ya san gidanku. Ku zaɓa da natsuwa, ku riƙe lambar fayil ɗinku, ku riƙa komawa can. Allah Ya ƙara mana lafiya.