Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Bukatar Ƙungiyar Masu Amfani da Kwamfuta a Ƙasar Yauri

Gabatarwa

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ta daina zama baƙuwa a Masarautar Yauri. Ana samunta a ofisoshin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da makarantu, da shagunan buga takardu na Yelwa da Birnin Yauri da Wara, da kuma hannun ɗaliban da ke dawowa hutu daga manyan makarantu. Sai dai sayen na'ura daban, riƙonta daban. Da yawa daga cikin kwamfutocin da aka lulluɓe da tsumma aka jingine a lungu, wai sun mutu, ciwon da ya kwantar da su bai taka kara ya karya ba. An dai rasa wanda zai gane shi ne, alhali mai yiwuwa wani a unguwar da ke gaba ya taɓa yin maganin irinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa abin da ƙasar Yauri ta fi bukata a wannan fanni shi ne ƙungiya ta masu amfani da kwamfuta, wadda za ta riƙa zama a kai a kai, ta tattara dabarun gyara da sunayen shafukan intanet masu amfani, ta rubuta su da Hausa, ta kuma raba su kyauta. Lamarin ya wuce na sha'awa. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2024 kuma hukumar WAEC ta fara bin wannan hanya ga masu zana jarrabawa ta ƙashin kansu. Yaron da ya fito daga ƙauyen bakin tafki, wanda kwamfutar makarantarsu ta shekara a kwance, zai shiga ɗakin jarrabawa yana kokawa da madannai da linzami a lokacin da takwarorinsa ke amsa tambayoyi.

Cututtukan na'ura a bakin Tafkin Kainji

Masana ilimin halittu sun san cewa kowace cuta tana da muhallin da take jin daɗinsa. Haka abin yake ga na'ura. Kwamfutar da aka ƙera domin ofis mai sanyi a Turai ko Amurka, idan ta sauka a Birnin Yauri, za ta gamu da abokan gaba guda huɗu.

Na farko shi ne ƙura. A lokacin hunturu fankar da ke cikin na'ura tana zuƙo iska tare da ƙurar da ke cikinta, ƙurar ta taru ta toshe ƙofofin da zafi ke fita. Na biyu shi ne zafin bazara, wanda a watannin Maris da Afrilu yakan kai digiri 40 ko ma ya haura. Idan waɗannan biyu suka haɗu, ƙwaƙwalwar na'ura takan rage gudu domin ta kare kanta, in kuma zafinta ya doshi digiri 100 sai ta kashe kanta. Mai ita sai ya ɗauka ta lalace, alhali buroshi mai laushi da sukundireba da rabin sa'a sun isa su tashe ta. Na uku shi ne wutar lantarki. Ko da yake madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana maƙwabtaka da wannan ƙasa, wuta ba ta da tabbas, kuma hawa da saukarta, musamman daga ƙaramin janareta, kan ƙona caja da kayan ciki. Na huɗu shi ne raɓa da laimar damina a garuruwan bakin ruwa, waɗanda ke sa tsatsa a mahaɗar wayoyi.

Ga wani ƙaramin misali da ke nuna darajar sani. A cikin yawancin kwamfutocin tebur da wasu na cinya akwai ɗan batir mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, wanda aikinsa riƙe agogo da kwanan wata. Idan ya ƙare bayan wasu shekaru, sai na'urar ta riƙa farkawa da tsohon kwanan wata, shafukan intanet masu tsaro kuma su ƙi buɗewa, domin ranar da ke jikin na'urar ta saɓa wa ta shaidarsu. Wanda bai sani ba zai zargi kamfanin waya, ya yi ta ƙara kuɗin data, ko ya yi tattaki zuwa Kwantagora ko Birnin Kebbi neman mai gyara. Wanda ya sani kuwa zai canza batir ɗin ya ci gaba da aikinsa.

Darasi daga cutar tsargiya

Akwai kuma matsalar da mutum ɗaya ba zai iya magance ta ba, komai iliminsa. Mazauna bakin tafki sun san tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da masana ke kira Bulinus, su hayayyafa a cikinsa, sannan su fito su huda fatar wanda ya shigo wanka ko kamun kifi. Saboda haka idan aka ba yaro ɗaya magani ya warke, ya koma wannan ruwa, cutar za ta sake kama shi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke raba magani ga makaranta ko ƙauye gaba ɗaya.

Ƙwayar cutar kwamfuta da ke bin ɗan filashi haka take yawo. Ɗalibi ya kai aikinsa shagon buga takardu, ya soka filashinsa a na'urar da mutane da dama suka soka nasu a ranar, ya koma gida da cuta, gobe ya kai ta makaranta. Wata sananniya daga cikin irin waɗannan cututtuka takan ɓoye fayilolin mutum ta ajiye gajerun alamomi na bogi a madadinsu. Mai filashi sai ya zaci aikinsa na wata shida ya salwanta, ya goge komai da hannunsa, alhali fayilolin suna nan, ɓoye su kawai aka yi, kuma umarni ɗaya ya isa ya fito da su. Wanke na'ura ɗaya a irin wannan hali ɓata lokaci ne, muddin ta shago da ta ofis da ta makaranta suna ɗauke da cutar. Sai an haɗu an wanke su tare, an kuma yarda da ƙa'ida ɗaya ta bincika filashi kafin a buɗe shi. Wannan aikin gayya ne, gayya kuwa sai da ƙungiya.

Abin da tarihi ya nuna

Irin wannan ƙungiya ba sabon abu ba ce. Ranar 5 ga Maris, 1975, kimanin mutum 30 suka taru a garejin wani gida a garin Menlo Park na jihar Kalifoniya ta Amurka, suka kafa ƙungiyar Homebrew Computer Club. Kowa yakan kawo abin da ya haɗa ko ya gano, ana kuma buga takardar labarai ta abin da aka tattauna. A nan ne Steve Wozniak ya nuna na'urar da ya ƙera, ya raba zanenta kyauta, kafin shi da Steve Jobs su kafa kamfanin Apple a 1976.

A nan gida kuwa, cibiyar CITAD ta Kano, wadda Malam Y. Z. Ya'u ya yi fice wajen jagoranta, ta faro ne a 1996 a matsayin ɗan shiri na koyar da kwamfuta, kafin a faɗaɗa ta a shekarar 2000. Haka nan 'yan sa-kai na ƙungiyar Hausa Wikimedians suna taruwa su koya wa juna yadda ake rubuta maƙaloli a Wikipedia ta Hausa, ba tare da an ɗauke su aiki ba. Ko kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, wani ɓangare na ƙarfinta ya samo asali ne daga zaman masu gyara kusa da juna, inda abin da ya gagari wannan yakan sami magani a teburin wancan.

Shafukan da suka dace da mutumin Yauri

Intanet kasuwa ce mai faɗi, baƙo kuwa sai da ɗan jagora. Aikin ƙungiya na biyu shi ne tace shafuka, ta fitar da waɗanda suka dace da rayuwar wannan ƙasa ta masunta da manoman albasa da shinkafa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya. Wanda ya tuna ɓarnar da ruwa ya yi wa gonakin shinkafa na jihar Kebbi a 2020 ya san darajar samun irin wannan labari da wuri, a kuma fassara shi ga manomin fadama. Shafin FishBase yana ɗauke da bayanin nau'o'in kifi sama da 30,000, inda malamin makaranta zai nuna wa ɗalibansa cewa giwan ruwa shi ne Lates niloticus, yauni kuma Gymnarchus niloticus. Shafin AJOL, wanda ya faro a 1998, yana tattara mujallun bincike na Afirka. Manhajar Kiwix kuwa tana ba da damar sauke Wikipedia a ajiye a na'ura, a karanta a ƙauyen da sabis ba ya kaiwa.

Tacewa ta haɗa da gargaɗi. Akwai shafukan bogi da ke kwaikwayon na hukumomi, suna alƙawarin aiki ko tallafi domin su karɓi lambar BVN da lambar sirri ta banki. Sanin cewa adireshin hukumomin gwamnatin Nijeriya yawanci yana ƙarewa da .gov.ng, da kuma cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya ko saƙo, zai iya tsare jarin mai sayar da kifi na shekara guda.

Ga kuma wani batu na yanzu. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 tallafi na yau da kullum, kuma da yawa daga tsofaffin kwamfutocin gwanjo ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Waɗannan na'urori za su iya ƙara shekaru suna aiki idan aka ɗora musu manhajar Linux da LibreOffice, waɗanda kyauta ne kuma halal. Mutum ɗaya da ya iya wannan zai koya wa ashirin a zama guda.

Hujjojin masu suka

Wani zai ce zamanin ƙungiya ya wuce, tun da akwai YouTube da manhajojin da ke amsa tambaya. Wannan suka tana da tushe. Ƙungiyar Boston Computer Society, wadda aka kafa a 1977 har membobinta suka haura 30,000, ta rufe a 1996, a daidai lokacin da intanet ke yaɗuwa a Amurka. Amma halin Boston daban ne da na Shanga. Yawancin bayanan gyara da Ingilishi suke, kallon bidiyo na cin data, kuma wanda na'urarsa ta ƙi tashi ba shi da abin da zai yi binciken da shi. Bugu da ƙari, wanda bai san sunan ciwo ba bai san tambayar da zai yi ba.

Wani kuma zai ce raba sani kyauta zai toshe abincin masu gyara. Tsoron yana da ma'ana, domin Bahaushe ya saba da sirrin sana'a. Sai dai an sha ganin mai maganin gargajiya ya rasu da saninsa don ya ƙi faɗa wa kowa. Koya wa mutum share ƙura ba zai mai da shi mai gyaran allon cikin na'ura ba. Abin da zai faru shi ne na'urori za su daɗe suna aiki, masu saye su ƙaru, aiki mai tsoka kuma ya riƙa isa hannun mai gyara a kan kari, kafin ƙaramin ciwo ya zama babba.

Suka ta uku ita ce mafi ƙarfi, wato ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Shawarar da ba a tabbatar ba tana iya ƙona na'ura, batir na lithium da ya kumbura kuwa yana iya kamawa da wuta idan aka huda shi. Wannan haɗari ba ya gushewa don an ƙi kafa ƙungiya, domin shawarar baka tana yawo ko da ƙungiya ko babu. Maganinsa shi ne ƙa'idar ɗakin gwaje-gwaje: kada a karɓi dabara sai an gwada ta a gaban jama'a, an maimaita, an ga sakamako iri ɗaya.

Shawarwari

Ba a bukatar jiran kasafin kuɗin gwamnati. Aji ɗaya a wata makaranta ya isa wurin zama sau biyu a wata, ana kewayawa tsakanin Yelwa da Birnin Yauri da Wara da Shanga. A tanadi babban littafi inda za a riƙa rubuta kowace matsala da Hausa a layi huɗu: alamar ciwo, dalilinsa, abin da aka yi, da sakamako. Saƙon WhatsApp yakan nutse cikin gaisuwa da sanarwar biki, amma littafi yana nan ga wanda zai zo bayan shekara biyar. A haɗa ɗan kuɗi irin na adashe a sayi akwatin kayan aiki na kowa da kowa: sukundireba, buroshi, mitar auna wuta, da filashi mai tsabta. A riƙa bitar jerin shafuka bayan kowane wata uku, a cire waɗanda suka mutu. A ware zama na musamman ga mata da 'yan mata ƙarƙashin jagorancin malamai mata, domin kada a bar rabin al'umma a baya. A kuma koyar da yadda ake buga ƙ da ɗ da ɓ, ta amfani da manhajoji irin su Keyman da Gboard, domin a rubuta Hausa daidai, a kuma sami hanyar adana kalmomin harsunan Gungawa da Kambari da Shangawa.

Kammalawa

Mutanen Yauri sun daɗe da sanin cewa ilimin ruwa a bakin ruwa ake koyonsa, inda tsohon masunci ke nuna wa yaro gurbi da yadda ake ɗinke koma. Ilimin kwamfuta ma yana bukatar irin wannan mashigi. Alhakin fara wannan aiki yana wuyan malaman kimiyya na makarantun sakandare, da masu shagunan buga takardu, da ɗaliban jami'a 'yan asalin masarautar, sannan sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomi su taimaka da wurin zama da goyon baya. Zaman farko ba ya bukatar fiye da mutum goma, da littafi ɗaya, da kwamfuta ɗaya daga cikin waɗanda aka jingine a lungu.