Taron Mako-Mako Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

Akwai wata magana da ta ke yawo a bakin ɗalibai duk sa'ad da aka ambaci 'yan ƙungiyar Rotary. Cewa a ke yi wai su ba su da aiki sai ciye-ciye: kowane mako su caɓa ado su taru a babban otel, a kaɗa 'yar ƙararrawa, a ci, a sha, a tafa wa juna, a watse. Masu wannan magana su kan ƙara da cewa da kuɗin abincin nan aka tara aka ba mabukata, da ya fi amfani. Ni dai ban yarda ba, ina kuwa so in faɗi dalilina, domin al'amarin ya shafe mu, mu da za mu fita koyarwa ba da daɗewa ba.

Bari mu fara duba asalin abin. A shekarar 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya tara abokansa uku a birnin Shikago na ƙasar Amurka. Shi mutumin ƙaramin gari ne, zaman kaɗaici na babban birni ya ishe shi, abin da ya ke nema kuwa shi ne abokan hira da na ciniki waɗanda zai amince da su. Yau su zauna a ofishin wannan, wani jiƙon a na wancan, daga wannan zagayawa ne ƙungiyar ta sami sunanta. Ba su fara da taimakon kowa ba. Sai a 1907 suka ɗauki aikinsu na fari, watau neman a gina wa jama'ar birni makewayi. Ku lura, zumunci ne ya riga, aiki ya biyo baya. A 1961 ƙungiyar ta iso Nijeriya, aka buɗe rassa a Kano da Ikko da Ibadan. Daga reshen Kano ne kuma Jonathan Majiyagbe ya fito, wanda ya shugabanci Rotary ta duniya duka daga 2003 zuwa 2004, shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera.

To, mu ba baƙin taimakon juna ba ne. Mun san gayya tun muna yara. A Sabo ko a Zango, in gobara ta ci rumfar mutum, kafin la'asar an tara masa abin da zai tayar da wata. Wannan hali ne mai kyau ƙwarai, amma yana da aibi guda: gayya ta yini ɗaya ce, da an shanye fura kowa sai ya kama gabansa. A ce unguwa ta haɗa kuɗi an haƙa rijiyar burtsatse. Ran buɗewa ana murna, har da masu kalangu. Bayan 'yan watanni wata 'yar roba a cikin famfon ta cinye, ruwa ya ƙi zuwa. Kuɗin robar bai taka kara ya karya ba, amma wa zai saya? Ba wanda aka ɗora wa, ba kuwa ranar da aka sa za a sake zama. Mata su koma rafi da tuluna, yara su koma gudawa.

A nan ne taron mako-mako ya ke da ranarsa. Magatakarda ya kan karanta abin da aka shirya a zaman da ya wuce, ma'aji ya faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita. Wanda ya ce zai kawo buhun siminti goma ya san bayan kwana bakwai zai zauna kusa da mutanen da suka ji alkawarinsa, su ci abinci tare. Ba ɗan sanda ba ne zai tilasta shi, kunya ce. Abincin nan da a ke yi wa ba'a shi ke sa likita da ɗan kasuwa da injiniya su saba, har wani ya iya ce wa wani, "Alhaji, ina simintin?" ba tare da an ɓata ba. Zumunta a ƙafa ta ke, in ji mutanenmu. Waɗanda suka yi makarantar mishan irina sun ga haka a faretin Boys' Brigade: yaron da ya fashe sau biyu sau uku, da wuya a sake ganinsa. Shi ya sa ƙungiyar ta daɗe da dokar cewa wanda ya ƙi zuwa sau huɗu a jere ba da hanzari ba, ana iya soke sunansa. A 2016 an sassauta, an yarda reshe ya zauna sau biyu kawai a wata in ya ga dama. A ganina wannan rangwame ne mai haɗari.

Wanda ke son shaida ya dubi cutar shan inna. Rotary ta ɗaura yaƙi da ita a 1985. A 1988, sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya da sauran hukumomi suka haɗa kai a kan a kawar da ita, cutar tana shanye ƙafafun yara wajen 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. A ƙasarmu aikin bai tafi sumul ba. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafi a Kano saboda tsoro da jita-jita, sai a 2004 aka koma. An ga cutar ta asali a karo na ƙarshe a Jihar Borno a 2016, ran 25 ga Agusta 2020 kuwa aka tabbatar Afirka ta rabu da ita, ko da ya ke har yanzu ana ɗiga wa yara maganin don wani nau'inta da bai ƙare ba. Ban ce Rotary kaɗai ta yi ba. Sarakuna sun sa baki, gwamnati ta sa hannu, matan nan da suka bi gida gida cikin rana da akwatin ƙanƙara su suka fi kowa shan wuya. Amma ku ƙirga: daga 1985 zuwa 2020 shekara 35 ke nan. Wace gayya ce za ta kai haka? Sai mutanen da suka saba haɗuwa ko da daɗi ko ba daɗi.

Amma fa masu suka ba su rasa gaskiya ɗungum ba. Kuɗin shiga da na shekara da na abincin otel sun fi ƙarfin albashin malamin firamare, saboda haka mutumin da ya fi kowa sanin ajin da rufinsa ke yoyo ba ya cikin ɗakin da a ke shawara. Ƙungiyoyin taimako da yawa kuma suna da son kafa allo mai sunayensu wanda ya kusa fin aikin girma. Mata ma sai a 1989 aka buɗe musu ƙofa sosai, bayan shari'ar da ta kai babbar kotun Amurka a 1987. Duk wannan laifin tsada ne da girman kai, ba laifin zaman mako-mako ba.

Mu ba mu bukatar otel. Akwai reshen samari, Rotaract, wanda aka kafa a 1968, ana shiga tun daga shekara 18. In ma ba mu ɗauki sunan kowa ba, muna da aji da benci. Shawarata ita ce mu zaɓi yamma ɗaya, mu ce Alhamis bayan darasi, mu zauna sa'a guda ba ƙari. A kira suna, a rubuta a littafi, a ci ko da gyaɗa ce tare. Kada mu ɗauki aiki biyar. Mu ɗauki ɗaya, misali koya wa yaran da ke talla a tasha karatu da lissafi, mu riƙe shi har ƙarshen shekara, 'yan aji ɗaya kuma su shiga tun yanzu don su karɓi littafin in mun fita. Ina roƙon shugabannin ɗalibai su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a zamansu mai zuwa.