Mai Jinyar Matarsa Bai Gudu Daga Fagen Fama Ba

Akwai wata jarrabawa da ba a cika ambatonta a kan mumbari ba, alhali kuwa tana shiga gidajen Musulmi dare da rana. Ita ce ranar da za a kira matashi a ce masa motar da iyalinsa ta shiga ta yi hatsari, ta tsira da rai, amma wuyanta ya karye. Kwanakin farko asibiti cike yake da 'yan dubiya, kowa da kwanon abinci da addu'a. Bayan wata guda sai a tarar babu kowa a bakin gadon nan sai tsohuwar da ta haife ta. Ina mijin? Yana kasuwa, yana majalisa, yana sahun gaba a wurin wa'azi. Al'ada ta riga ta ba shi mafita: an mayar da ita gidansu jinya. Wani ma kafin shekara ta zagayo ya fara kai kayan gaisuwa wani gidan.

To, ya kamata matasa su tuna abin da ya faru a shekara ta 2 bayan Hijira. Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne suka fita Badar, a lokacin da ake bukatar kowane namiji guda. Amma da yake Nana Ruƙayya tana kwance ba lafiya, sai Manzon Allah (SAW) ya umarci mijinta Usman ɗan Affan (RA) ya zauna a Madina ya yi jinyarta, kuma aka lissafa shi cikin mutanen Badar a lada da rabon ganima. Idan har zama a gefen mace marar lafiya ya tsaya a madadin Badar, wane taro ne yau, wane ciniki ne, da zai zama uzuri ga mai gudun jinya?

Sai dai kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa, domin jahilci a wannan ciwo kisa yake yi. Ƙasusuwa 7 ne a wuyan mutum, kuma ta tsakiyarsu laka ta ratsa, wadda ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa, ƙafafuwa, mafitsara, har da naman da ke jan numfashi. Ƙashi yana ɗoruwa, amma laka in ta tsinke ba mai ɗorin da zai haɗa ta. Sau da yawa ƙashin ne kawai ya tsage, sai masu taimako su ciccibi mutum ta hannu da ƙafa kai yana reto, su cusa shi a zaune cikin mota, su ƙarasa abin da hatsarin bai yi ba. Haka nan kai irin wannan majinyaci wurin mai ɗori ya ja wuyan ko ya murɗa shi ganganci ne. Wurinsa asibiti, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a ɗauke shi kwance a kan abu mai ƙarfi, wani yana riƙe da kan.

Bayan sallama daga asibiti ne aikin miji yake farawa. Abin da aka ɗaura mata a wuya yakan kai mako 6 zuwa 12, kuma ba a cire shi don zafi, ko don wata gwaggo ta ce ya isa haka, sai likita ya duba hoto ya ba da izini. Idan kuma jikinta bai motsi, to lallai a riƙa juya ta duk bayan awa 2, har cikin dare. Ba mutum ɗaya ke wannan juyi ba: ɗaya ya riƙe kai, biyu ko uku su mirgina jiki gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi guda. Kullum a duba ƙasan baya, ƙugu, dunduniya da ƙeya. A baƙar fata gyambon kwanciya ba ya farawa da ja; wurin ne zai ƙara duhu, ya yi tauri ko ɗumi, ita kuwa ba za ta ji zafinsa ba ballantana ta faɗa.

Kada wani ya raina wannan. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawan sojojin da suka ji ciwo a laka ba su daɗe ba suka mutu, kuma gyambo da ciwon mafitsara ne suka fi kashe su. Da Dokta Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu wannan ciwo a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, babban makaminsa shi ne juya majinyaci a kan lokaci da tsabtar mafitsara, kuma mutane suka rayu. Dukiya ma ba ta kuɓutar da kowa: ɗan wasan Amurka Christopher Reeve ya faɗo daga kan doki a 1995, ƙasusuwa biyu na saman wuyansa suka karye, matarsa Dana ta tsaya masa shekara 9, amma da ya rasu a 2004 yana fama ne da gyambon kwanciya da ya ruɓa. Ina ga talaka mai katifa ɗaya?

Sannan ga maganar da ake jin nauyin faɗa: fitsari da bayan gida. Wa ya fi miji cancantar ganin tsiraicin matarsa? Shi ya kamata ya koyi wanke hannu kafin taɓa robar fitsari, ya lura in fitsarin ya yi kauri ko wari ko zazzaɓi ya zo, ya ba ta ruwa isasshe da ganye don gudun taurin ciki. Idan ciwon kai mai tsanani ya taso mata farat ɗaya, tare da gumi a fuska da toshewar hanci, kada a fara neman mai ruƙiyya: jininta ne ya hau, galibi saboda robar ta toshe ko ta lanƙwashe. A ɗaga kan gadon, a sassauta tufafi, a duba robar, a nemi likita nan take. Haka in ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi wuya.

Ciwon zuciya kuwa ya fi na wuya. Macen da jiya take tuƙa tuwon gida, yau sai an ba ta a baki, babu abin da take tsoro kamar ta zama kaya. Tsaki ɗaya daga bakin miji ya ishe ta kukan mako. Ya zauna ya yi mata hira, ya kawo mata 'ya'yanta, ya yi mata alwala ko taimama ta yi sallarta a kwance kamar yadda shari'a ta sauƙaƙa. Ya dage da kai ta wurin masu gashin ƙashi, domin mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a wata 6 na farko, ko da yake yakan ci gaba har shekara ɗaya ko biyu. Kada ya yi mata alƙawarin abin da ke hannun Allah, kada kuma ya yanke mata ƙauna.

A ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke tashi duk awa 2 ba zai iya fita neman abinci yadda ya saba ba. 'Yan'uwantakar da ta tsaya a musafaha bayan Juma'a ba ta cika ba. 'Yan'uwa su haɗa kuɗin magani, su riƙe masa shago, matansu su karɓe shi da rana ya samu ya runtsa. Inda kuma mijin ne a kwance, wanda shi ya fi yawa tunda maza suka fi jin wannan ciwo, to kada a bar matarsa ita kaɗai tana kokawa da juya ƙato. Maza su raba dare a tsakaninsu.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya tsare al'umma daga mummunar ƙaddara. Amin.