“Kaya Ya Bar Hannuna”

Ƙanwata tana karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Ana saura kwana 5 bikin ƙawarta ta ga leshin anko a WhatsApp wajen wata mai saida kaya a Kano, ta tura kuɗi, har da na mota. Washegari da la'asar direba ya kira ta, ta hau keke zuwa Kwangila, ya buɗe but ya miƙo mata baƙar leda an naɗe da salatif, babu suna, sai lambar waya da maka, ita ma rabi ta goge. Sai da ta koma ɗaki ta yage leda: takalman yara ƙafa 6.

Ta kira mai kaya. “Ayya Hajiya, wallahi ni na ba direba. Kaya ya bar hannuna. Ki yi haƙuri.”

Da wannan magana nake faɗa, don ta zama kamar doka daga kasuwar Sabon Gari har ɗakunan kwanan ɗalibai: wai da zarar leda ta shiga mota, mai sayarwa ya wanke hannunsa, saura kuma tsakanin mai saye da direba da ƙaddara. Har masu sayen sun haɗiye ta. Ƙawayen ƙanwata cewa suka yi, ai haka sayen intanet ya gada.

To wa ya zaɓi direban? Wa ya ɗaure ledar, ya ga sunan mutum ya fi ƙarfin alƙalaminsa? Mai saye na zaune a Samaru, ba ta san tashar da aka je ba, ba ta ga fuskar ɗan kamasho ba, ba ta riƙe ko guntun rasit ba. Duk abin da aka yi daga shago zuwa but, mai kaya ce ta yi shi, kuma ta karɓi kuɗin yin sa. Wanda ya ci ladan kuturu ai shi ke masa aski.

Wani lauya zai ce maganar tana da asali, kuma gaskiyarsa. Dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda muka gada daga Turawa, ta ɗauki miƙa kaya ga mai dako a matsayin miƙa wa mai saye. Amma ita ɗin ma ta sa sharaɗi: sai mai sayarwa ya ƙulla yarjejeniya ta hankali da mai dakon, in ba haka ba mai saye na iya cewa bai karɓa ba. Leda ba suna a hannun direban da ba a san lambar motarsa ba, wace yarjejeniya ce? Sannan akwai dokar kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ce kayan da ba ka samu damar dubawa ba kafin a kawo, in ya saɓa wa abin da aka siffanta maka, kana da ikon mayarwa cikin lokacin da ya dace, a ba ka kuɗinka cif. Rubuta “ba a dawo da kaya” a saman shafi ba ya soke dokar tarayya.

Haƙurin nan kuma kullum gefe guda yake gangarawa. Ban taɓa jin mai kaya ya yi haƙuri da alat ɗin da bai shigo ba. Sai ya ga kuɗi ƙuru-ƙuru kafin ya taɓa salatif.

Na san dalilin masu kaya na ƙin a biya sai kaya ya iso. An cuce su: a yi oda, a kashe waya. A 2017 ma an kashe wani mai kai kayan Jumia a Fatakwal, wajen kai wayoyin da aka ce sai sun iso za a biya. Tsoron gaskiya ne. Sai dai wanda ya ce a ba shi kuɗi tukuna, ya ɗauki amana ke nan, tana wuyansa har kaya ya shiga hannun mai shi.

Mu masu saye ma da namu. Adireshinmu “bayan masallacin Juma'a, kusa da taransifoma, gida mai jan get”, a Hayin Dogo da jan get ya fi a ƙirga. Mu aika yaro tasha, mu bar waya a caji, mu karɓi leda ba mu buɗe gaban direba ba. Wanda ya ba da lamba ba daidai ba, asarar tasa ce, ba na musu. Amma kuskuren lamba ba shi ne abin da ya samu ƙanwata ba.

Akwai kuma mutum na uku da kowa ke tsallakewa: wadda leshin ya faɗa hannunta. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, in ji masu son banza. Wane rabo? Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure a Zazzau ya ji a Risala cewa tsintuwa shekara guda ake cigiyarta. Wannan kuwa ko tsintuwa ba ce, tunda lambar direba na cikin wayarta, kira ɗaya ya isa.

Takalman nan 6 suna ƙarƙashin gadon ƙanwata har yau. Ta saka hotonsu a zaurukan ɗalibai, ta koma Kwangila sau 2, direban ya ce shi leda 11 ya ɗauko ran nan. Biki kuwa da tsohuwar atamfarta ta je.